Florence Nightingale: Matar da ta Ƙirga Matattu don Ceton Rayayyu

Gabatarwa

Duk ranar 12 ga watan Mayu ma'aikatan jinya na duniya kan yi bikin ranarsu, kuma ranar haihuwar Florence Nightingale ce aka zaɓa domin wannan biki. Siffar da aka fi saninta da ita ita ce ta mace riƙe da fitila tana zagaya majinyata cikin dare. Ta yi hakan kuwa, sai dai zamanta a asibitocin soja bai cika shekara 2 ba, alhali ta rayu shekara 90. Kusan shekara 40 da suka biyo bayan yaƙin ta yi su ne a ɗaki da alƙalami da takarda, tana tara alƙaluma, tana tace su, tana tura su gaban mahukunta. Wannan maƙala za ta bi rayuwarta ta wannan fuska, wato a matsayinta na masaniyar lissafi da ƙididdiga. A cikin labarin akwai abin da ya shafi mai nazarin harshe kai tsaye, domin ɗaya daga cikin manyan matsalolin da ta yi fama da su ita ce ta sunan da za a kira abu da shi kafin a ƙirga shi.

Haihuwa da karatu

An haife ta a shekarar 1820 a birnin Florence na ƙasar Italiya, lokacin da iyayenta, Turawan Ingila masu dukiya, suke doguwar tafiya bayan aurensu. Sunan birnin aka raɗa mata. Ta tashi tsakanin gidajen mahaifinta biyu, ɗaya a yankin Derbyshire, ɗaya a Hampshire. Mahaifin, William Edward Nightingale, ya yi karatu a jami'ar Cambridge, kuma shi da kansa ya koyar da ƴaƴansa mata biyu a gida. A hannunsa Florence ta karanci Girkanci da Latinanci da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci, tare da tarihi da falsafa. Girkancinta ya yi ƙarfin da, bayan shekaru masu yawa, masani Benjamin Jowett na Oxford ya riƙa neman ra'ayinta a kan aikinsa na fassara littattafan Aflatun.

Tun tana budurwa take da ɗabi'ar rubuta abin da ta gani da adadinsa. A tafiyar da iyalin suka yi cikin Turai daga 1837, ta riƙa rubuta nisan hanya da lokacin tashi da na sauka, da halin zaman mutanen garuruwan da suka ratsa. A wajajen 1840 ta nemi a bar ta ta karanci lissafi sosai. Mahaifiyarta ba ta ga amfanin lissafi ga ƴar gidan girma da ake shirin aurarwa ba. Gwaggonta Mai Smith ce ta tsaya mata har aka samo mata malami, kuma daga baya ita ma ta koyar da yara lissafi.

Rigimar da ta fi wannan ita ce ta aikin jinya. A watan Fabrairu na 1837 Florence ta ji a ranta cewa Allah ya kira ta zuwa ga wata hidima, kuma sannu a hankali ta tsai da cewa hidimar ita ce kula da marasa lafiya. A Ingila ta wancan zamani ana ɗaukar jinya a asibiti aikin matan da ba su da galihu, don haka da ta nemi izni a 1845 iyayenta suka ƙi. Ta koma karatu a ɓoye. Takan tashi da asuba ta duƙufa a kan rahotannin gwamnati game da asibitoci da tsabtar birane, kundaye cike da jadawalin haihuwa da mutuwa. Ta ƙi auren da Richard Monckton Milnes ya daɗe yana nema. A 1851 ta samu ta yi kimanin wata 3 tana koyon jinya a Kaiserswerth ta ƙasar Jamus. A 1853 mahaifinta ya yanka mata fam 500 a shekara, ta sami ƴancin kanta, ta karɓi shugabancin wani ƙaramin asibitin mata a titin Harley na Landan.

Barikin Uskudar

A 1853 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Daular Usmaniyya, a 1854 Ingila da Faransa suka shiga ɓangaren Usmaniyya, fagen fama ya koma yankin Kirimiya. Jaridar The Times ta riƙa buga labarin yadda sojojin Ingila ke mutuwa babu kulawa, jama'a suka fusata. Sidney Herbert, ministan da ke kula da sha'anin soja kuma tsohon abokin Florence, ya roƙe ta ta jagoranci ayarin mata masu jinya. Ta bar Landan ranar 21 ga Oktoba 1854 da mata 38, ta isa Uskudar, wadda Turawa ke kira Scutari, a farkon Nuwamba. Garin yana tsallaken ruwa daga Istambul, kuma marasa lafiya sai sun ƙetare Bahar Aswad cikin jirgin ruwa, tafiyar kusan kilomita 500, kafin su iso.

Asibitin tsohon bariki ne da aka gina a kan magudanun ƙazanta da suka toshe. Majinyata na kwance a jere cikin dogayen barandu, ga ƙwarƙwata, ga ɓeraye, babu isassun riguna, babu sabulu. Ta shirya wurin wanki da ɗakin girki, ta sayo kaya da kuɗin gudummawa. Ta kuma lura da wani abu da ba a kula da shi ba: akwai rajista uku na matattu a asibitin, kuma babu biyu da suka yi daidai da juna. Hukumar da ba ta san adadin waɗanda suka mutu a hannunta ba, ina za ta san abin da ya kashe su?

Duk da ƙoƙarinta, mutuwa ta ci gaba da hauhawa cikin hunturu. Alƙaluman watan Janairu na 1855 sun isa misali. Rundunar Ingila tana da soja 32,393 a wannan wata. Daga cikinsu 83 suka mutu saboda raunin yaƙi, 324 saboda wasu dalilai, 2,761 kuwa cututtuka irin su atuni da kwalara da zazzaɓi ne suka kashe su. Idan aka ninka 2,761 sau 12 za a sami 33,132. Ma'ana, da an ci gaba a haka har shekara guda ba tare da an kawo sababbin sojoji ba, da cuta kaɗai ta ƙarar da rundunar ɗungurungum ba tare da Rasha ta harba ko harsashi ɗaya ba.

A watan Maris na 1855 gwamnati ta turo kwamitin tsabta, cikinsa da likita John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson. Suka yashe magudanai, suka kwashe mushen dabbobi, har da na doki da aka samu a hanyar ruwan sha, suka buɗe kafofin iska, suka shafe bango da farar ƙasa. A watan Fabrairu kimanin kashi 42 cikin 100 na waɗanda aka yi jinya a Uskudar sun mutu. Zuwa watan Yuni adadin ya sauko zuwa kimanin kashi 2. Wucewar sanyi, da raguwar cunkoso, da ingantuwar abinci da sutura a fagen fama su ma sun taimaka. Ita kanta Florence, da ta zauna ta nazarci alƙaluman bayan yaƙi, ba ta jingina nasarar ga jinyar da ta yi ba. Tsabtace ginin ta ba wa babban rabo, ta kuma yarda cewa a wancan hunturu asibitin da take ciki shi kansa yana cikin abubuwan da suka kashe mutane.

Hujjar alƙaluma

Ta koma Ingila a watan Agusta na 1856 tana wadda kowa ke yabo, amma ta guje wa tarba da bukukuwa. Cikin sojojin Ingila da suka mutu a yaƙin, kimanin 16,000 cuta ce ta kashe su, waɗanda suka faɗi a fagen fama ko suka mutu da rauni kuwa ba su kai 5,000 ba. Abin da take so shi ne a yi bincike. Ta gana da Sarauniya Biktoriya a Balmoral a watan Satumba, ta matsa har aka kafa kwamitin sarauta kan lafiyar soja a 1857 ƙarƙashin Sidney Herbert. Mace ba ta zama mamba a irin wannan kwamiti a lokacin, don haka daga bayan fage ta yi aiki: tana ba da shawarar waɗanda za a naɗa, tana shirya tambayoyi, tana tanadin hujjoji.

A nan ta haɗu da William Farr, likitan da ke harhaɗa alƙaluman haihuwa da mutuwa na Ingila tun 1839. Shi yana da bayanan farar hula da dabarun lissafinsu, ita tana da bayanan soja da sanin abin da ya faru a ƙasa. Tambayar da suka yi mai sauƙi ce, amma ta girgiza ma'aikatar soja: a lokacin zaman lafiya, a cikin Ingila kanta, yaya mutuwar soja take idan aka gwada da ta farar hula masu shekaru iri ɗaya? Suka tarar sojan da ke zaune a bariki yana mutuwa kusan ninki biyu na sa'ansa farar hula. Abin mamakin shi ne soja sai likita ya duba shi ya tabbatar da ƙoshin lafiyarsa kafin a ɗauke shi, don haka kamata ya yi ya fi sauran mutane daɗewa. Ruwa ba ya tsami banza. Cunkoso da rashin iska da ƙazantar bariki su ne suka bayyana a matsayin dalili. Ƙarfin wannan hujja yana cikin tsarin kwatancen: an gwada mutum da sa'ansa, an kuma auna mutuwa a kan kowane mutum 1,000, yadda girman runduna ko ƙanƙantarta ba zai ruɗi mai karatu ba.

A 1858 ta buga nata rahoton mai shafi sama da 800 da kuɗin aljihunta. Ta san cewa minista da ɗan majalisa ba za su karanta jadawali ba, don haka ta mai da alƙaluman zane. Zanen da ya yi suna da'ira biyu ne, ɗaya na Afrilu 1854 zuwa Maris 1855, ɗaya na shekarar da ta biyo. An raba kowace da'ira gida 12, kowane gida wata guda, kuma faɗin filin kowane yanki yana daidai da yawan mutuwar watan. Shuɗi na nuna cututtukan da za a iya kauce musu, ja na nuna raunin yaƙi, baƙi na nuna sauran dalilai. Mai kallo zai ga shuɗi ya mamaye da'irar farko, ja ɗan ƙarami a tsakiya, sannan ya ga da'ira ta biyu ta tsuke. Gani ya kori ji.

Ba ita ta fara zanen ƙididdiga ba. William Playfair ya yi da'ira mai yanka-yanka tun 1801, Bafaranshe André-Michel Guerry ya yi mai kama da nata a 1829. Abin da ta ƙara shi ne amfani da zane a matsayin hujja don a sauya doka. Ta kuma gyara kuskurenta: a zanenta na farko tsawon layi ne ke nuna adadi, amma ido kan kama faɗin fili, wanda ke zuzuta bambanci fiye da gaskiya, sai ta sake zanen yadda fili zai dace da adadi. Ta rarraba shi ga sarauniya da ƴan majalisa da ƴan jarida, marubuciya Harriet Martineau ta sa shi cikin littafinta na 1859. Sakamakon wannan fafutuka aka gyara barikoki, aka buɗe makarantar likitocin soja a 1860, aka kafa sashen ƙididdiga a hukumar lafiyar soja. A 1858 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓe ta, ita ce mace ta farko da ta shiga.

Matsalar suna

Launin shuɗi a zanenta yana wakiltar rukunin cututtukan da Farr ya raɗa wa suna zymotic. Ya samo kalmar daga Girkanci, daga sunan abin da ke sa ƙullu ya yi tsami ya kumbura, domin yana ganin irin waɗannan cututtuka suna aiki cikin jiki kamar yadda tsami ke bin ƙullu. Florence kuma, kamar yawancin masu fafutukar tsabta na zamaninta, ta daɗe tana ganin gurɓatacciyar iska ce ke haddasa su, sai daga baya ta karɓi bayanin ƙwayoyin cuta. Bayanin da ke ƙarƙashin sunan bai tsaya ba, amma rukunin da sunan ya tattara ya yi aiki, domin ya haɗa kwalara da atuni da zazzaɓin da ƙazanta da cunkoso ke yaɗawa a wuri guda, aka iya ƙirga su tare, aka ga girmansu.

Da ta juya ga asibitocin farar hula na Landan sai ta tarar kowanne yana da nasa sunayen cututtuka da nasa salon rubuta rajista. Ciwo ɗaya yana da suna biyu ko uku, suna ɗaya kuma yana rufe ciwo iri-iri. A haka ba za a iya cewa wannan asibiti ya fi wancan ceton rai ba. Tare da Farr ta tsara takardun cikewa na bai ɗaya masu jerin sunaye guda, kuma babban taron ƙididdiga na ƙasa da ƙasa da aka yi a Landan a 1860 ya amince da shawararta. Wasu asibitoci sun gwada, amma ba su ɗore ba, saboda aikin cikewar yana da yawa. Duk da haka tunanin bai mutu ba. Daga aikin Farr aka bi zuwa jerin dalilan mutuwa na Jacques Bertillon da aka amince da shi a 1893, wanda shi ne kakan jerin cututtuka da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi a yau.

Mai nazarin harshe a ƙasarmu ba baƙo ba ne ga wannan matsala. Majinyaci yakan ce masassara ke damunsa, kalmar da ke rufe zazzaɓi iri-iri, ko ya ce shawara, wadda ke iya nufin rawayar ido ko wata cuta takamaimai. Ma'aikacin lafiya yana saurare da Hausa, yana rubuta rajista da Faransanci. Duk adadin da zai fito a ƙarshen shekara ya ratsa ta wannan fassara, kuma ingancinsa ba zai wuce ingancinta ba.

Shekarun ɗaki

A Kirimiya, cikin watan Mayu na 1855, ta kamu da zazzaɓi mai tsanani, wanda masana tarihi da yawa ke ganin cutar da ake ɗauka daga madarar dabbobi ce. Daga 1857 ta zama mai yawan kwanciya, ba ta cika fita ba. Daga kan gado ta ci gaba da aiki ta hanyar wasiƙu dubbai, ministoci da gwamnoni na zuwa wurinta ɗaya bayan ɗaya. Da kuɗin da jama'a suka tara da sunanta ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas a 1860.

Indiya ce ta ci mafi yawan ƙarfinta, ko da yake ba ta taɓa taka ƙasar ba. Ta tsara tambayoyin da aka aika wa sansanonin soja, ta tace amsoshin. Rahoton 1863 ya nuna sojojin Ingila a can suna mutuwa 69 cikin 1,000 a shekara. Bayan shekara 10 na gyaran ruwa da magudanai adadin ya koma 18. Aikin ya fara ne don kare rundunar mulkin mallaka, kuma ba za a ɓoye wannan ba. Daga baya hankalinta ya karkata ga ƙauyawan Indiya, ga yunwa da bashi da ruwan sha. A 1863 ɗin dai ta nazarci bayanan makarantu 143 na ƙasashen da Ingila ta mallaka, har da na gaɓar Afirka ta Yamma, ta nuna cewa yaran ƴan ƙasa a makarantun suna mutuwa kusan ninki biyu na sa'anninsu a Ingila. Ta koka da raunin bayanan da aka aiko mata, kuma kalmomin da ta siffanta mutanen da su na zamanin mallaka ne, masu ɗaukar Bature a matsayin ma'auni.

Ita ma ta yi tuntuɓe a lissafi. A bugun 1863 na littafinta kan asibitoci ta kawo jadawalin da ya nuna mutuwa a manyan asibitocin Landan ta kai kashi 90 cikin 100. An sami wannan ne ta raba mutuwar shekara guda da adadin majinyatan da ke kwance a rana ɗaya, alhali gado ɗaya yakan karɓi mutane da yawa a shekara. Likitoci suka yi ca a kai, kuma da gaskiyarsu. Sai dai inda alƙaluma suka juya kanta, ba ta kauce musu ba. Sashen koyon ungozoma da aka buɗe da kuɗin asusunta a asibitin King's College ya fuskanci mace-macen masu jego, aka rufe shi a 1867. Ta shafe shekaru tana tara bayanai, a 1871 ta buga littafin da ya nuna cewa a wancan zamani mace ta fi fuskantar mutuwa idan ta haihu a asibiti fiye da a gida, ta kuma ba da shawarar yadda za a gina ɗakunan haihuwa ƙanana, nesa da sauran majinyata.

A wurinta ƙididdiga ibada ce. Ta ɗauki masanin Beljiyam Adolphe Quetelet a matsayin malaminta, ta cika gefen shafukan littafinsa da sharhi. Ta yi imani cewa Allah yana tafiyar da duniya bisa ƙa'idoji, kuma ƙirga abin da ke faruwa ga jama'a hanya ce ta gano su domin a rage wahala. Saboda haka ta so a koya wa masu shirin mulki wannan ilimi. A 1891 ta nemi Francis Galton ya taimaka a kafa kujerar farfesan ƙididdiga a Oxford, ta yi tayin ba da kuɗinta, amma shirin bai yiwu ba. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta ba ta matsayin mambar girmamawa tun 1874.

Kammalawa

A ƙarshen rayuwarta ganinta ya tafi, tunaninta ya raunana. A 1907 aka ba ta lambar girma ta Order of Merit, mace ta farko da ta samu. Ta rasu a gidanta na Landan ranar 13 ga Agusta 1910. Shekara guda kafin nan aka haifi wata yarinya a Ingila aka sa mata suna Florence Nightingale David, wadda ta girma ta yi aiki da Karl Pearson, ta zama farfesar ƙididdiga a Landan da Kalifoniya.

Abin da Nightingale ta bari ga mai bincike, a kowane fanni yake, tsari ne na aiki: a daidaita sunan abu, a ƙirga shi da gaskiya, a gwada shi da sa'ansa, a kai sakamakon gaban wanda ke da ikon gyara cikin siffar da zai fahimta, a kuma karɓe shi ko da ya tona kuskuren mai ƙirgar. An yi tayin binne ta a Westminster tare da manyan ƙasar, danginta suka ƙi bisa wasiyyarta. Kabarinta yana East Wellow a Hampshire, kusa da na iyayenta, kuma a gefen dutsen da ke nata an rubuta haruffa biyu na sunanta da ranar haihuwa da ranar rasuwa.